Rufin ɗakin bayan mota: inda nauyin yake da yadda ake rage shi

Da zarar zafi ya karye a Saudiyya, wajen watan Nuwamba, sai hanyoyin fita gari su cika da motoci da yammacin Alhamis. Mutanen Riyad su nufi Sumama, na Jidda da Makka su yi wajen Usfan ko su hau Hada da Shafa ta Ɗa'if, masu dogon zango kuwa har Ula da Tabuka. Hausawan da ke zaune a ƙasar ba a bar su a baya ba wajen wannan fita ta kashta, wato yada zango a daji don shaƙatawa, musamman waɗanda aka haifa a nan suka tashi da ita. Da yawa har yanzu tanti suke kafawa a ƙasa, amma wasu sun koma ɗora ƙaramin ɗakin kwana a bayan Hilux ko Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya. Lokacin tafiya rufinsa a kwance yake don kada iska ta riƙe mota. In an yada zango sai a ɗaga shi, tamfol ya miƙe a gefuna, mutum ya tsaya da tsawonsa a ciki.

Kukan masu irin wannan ɗaki guda ne: rufin ya yi nauyi, kafaɗa da ƙugu sun fara ƙorafi, uwargida ko yaro ba sa iya ɗaga shi in maigida ba ya kusa. In aka kai maganar sana'iyya, wato unguwar makanikai da masu walda, amsar ba ta wuce, "Alhaji, a sa maka sanda mai ƙarfi, magana ta ƙare." Ana nufin sandar gas irin wadda ke riƙe ƙofar but ɗin mota, wadda masu shagon kayan gyara a nan ke kira musa'id. A ganina babu shawarar da ta kai wannan lalata rufi, domin ba a duk tsawon tafiyarsa rufin ke da wuya ba. Wuyar tana cikin takin farko ne, kuma a daidai nan ne sandar gas ta fi kowane wuri rauni, komai lambar da aka buga a jikinta.

Rufin iri biyu ne aka fi gani. Akwai mai tashi gaba ɗaya a miƙe, irin na kamfanin Four Wheel Campers na Amurka da ya fara aiki a 1972. Shi wannan yana da allo mai naɗewa a gaba da baya, mutum yana ciki zai tura ƙarshe ɗaya sama har allon ya miƙe ya kulle, sannan ya koma ɗaya ƙarshen. Akwai kuma mai hinji a gaba wanda bayansa kaɗai ke tashi, irin wanda kamfanin Alu-Cab na Afirka ta Kudu ya yi suna da shi. Masu walda da alminiyam na gida suna kwaikwayon duka biyun, wasu ma da kyau ƙwarai. Na farkon ya fi ba da wahala, don haka a kansa zan fi tsayawa.

Mu ɗauki misali da rufi mai kilo 80, har da abin da aka ɗora masa. Tunda ƙarshe ɗaya ake ɗagawa a lokaci guda, kusan rabin nauyin, kilo 40, shi ke kan mutum, ɗaya rabin yana zaune a kan bango. Kilo 40 ba wani abu ba ne ga ƙaƙƙarfa idan daga ƙasa zai ɗauka. Amma a nan a sunkuye yake, ƙeyarsa na dungurar silin, hannuwansa a lanƙwashe, babu sararin da zai miƙe ya yi aiki da cinyoyinsa. Ƙarshen gaba ya fi muni, saboda yana saman gado ne, sai an yi miƙa ana turawa da ɗan sandan da aka tanada. Da rufin ya haura taki ɗaya ko biyu, jiki ya samu miƙewa, sai aikin ya zama wasa.

To, me sandar gas ke yi a wannan lokaci? A cikinta akwai iskar naitirojin da aka matse, da ɗan mai kaɗan. Iskar ce ke tura tsinken ƙarfen waje, kuma ƙarfin turawar shi ne matsin iskar a ninka da faɗin bakin tsinken. Ana rubuta shi a jikin bututun da ma'aunin niyuton, lamba da harafin N a ƙarshenta. Raba lambar da 10, ka samu kusan kilo nawa take turawa: 180N kusan kilo 18 ke nan. Kayan Amurka sukan zo da fam, kuma fam 40 shi ne kusan 180N ɗin.

Sai dai sanda tana tura abu ne ta inda ta fuskanta kawai. Gwafar rumfa in tana tsaye cak tana ɗauke da nauyin rumfar gaba ɗaya, in kuwa aka kwantar da ita kusa da ƙasa, ko da ta fi kowace kauri, ba ta riƙe komai sai ture ginshiƙin da ke gabanta. Lokacin da rufi ke rufe, sandunan da aka ɗaura a waje kusan a kwance suke a jikin bango, domin babu wani wurin da za su shige. A ce kusurwarsu digiri 10 ce daga kwance. A wannan kusurwa kashi 17 cikin 100 na ƙarfinsu ne kawai ke kallon sama, sauran duk gefe yake turawa. A digiri 20 ya zama kashi 34, a digiri 30 rabi, a digiri 55 kashi 82.

Yanzu a sa lissafi. Sanduna biyu a kowane ƙarshe, kowace 180N. Sanda in an matse ta gaba ɗaya takan ƙara ƙarfi a kan abin da aka rubuta, a ce da kashi 30, ta kai wajen 234N. A digiri 10, abin da kowace ke bayarwa sama bai wuce kilo 4 ba. Biyu sun ba da kilo 8, an bar mai ɗaki da kilo 32 daga cikin 40. Can sama kuwa, a digiri 55, kowace na ba da kilo 15, biyu 30, saura kilo 10 kacal. Wato taimakon ya zo a inda ba a cika buƙatarsa ba.

Sai a bi shawarar sana'iyya a ninka ƙarfin zuwa 360N. A ƙasa taimakon ya koma kilo 16, har yanzu akwai 24 a wuyan mutum, sauƙi ne amma ba irin wanda aka biya kuɗi dominsa ba. A sama kuma sandunan na tura kilo 60 a kan rufin da nauyinsa 40 ne a wannan ƙarshen. Rufin zai ƙwace daga hannu ya buga sama da ƙarfi, ya ja ɗinkin tamfol, kuma da safe sai an rataya da ƙarfin kilo 20 kafin ya yarda ya sauko. Abin da ido ba ya gani ya fi wannan. Duk tsawon watannin da rufin ke rufe, kowace sanda tana tura maɗaurinta gefe da kusan kilo 46, dare da rana, a kan gargada da kwalta. Firam ɗin rufi siririn alminiyam ne. Sannu a hankali ribit ya saki, ramin sukuru ya buɗe, wani lokaci bakin rufin ya lanƙwashe har ruwa da ƙura su samu hanya. Garin neman gira an rasa ido. Saboda wannan turin gefe ne ake ɗaura sandunan biyu-biyu suna fuskantar juna, don ƙarfin ɗaya ya kashe na ɗaya. Wanda ya ɗaura su duk suna kallon gefe guda, rufinsa zai riƙa zamewa yana cin allon naɗewa.

Abin da ya fi ƙarin ƙarfi amfani shi ne gyaran kusurwa. A misalinmu, idan maɗaurin ƙasa yana santimita 10 a ƙarƙashin bakin rufi, aka sauke shi zuwa 20, kusurwar rufewa za ta tashi daga digiri 10 zuwa wajen 20. Taimakon takin farko ya ninka ke nan da sanda mai 180N ɗin nan dai, alhali a sama kusan babu abin da ya canja. Sharaɗin kawai sandar ta ɗan fi tsawo: in rufin na tashi santimita 70, mai santimita 97 a miƙe da ta isa a da, yanzu sai mai wajen 105. Dole kuma a auna da tef a tabbatar cewa sandar ba ta ƙure matsewa kafin rufi ya zauna, ba ta kuma ƙure miƙewa kafin allo ya kulle. A bar mata 'yar rara a duka ƙarshen biyu. In ta ƙure, ta daina zama sifirin ta zama turken ƙarfe, kuma maɗaurin ne zai karye. Matsalar ita ce a gaba, inda ɗakin ya leƙo saman kan direba, bangon gajere ne, babu wurin sauke maɗauri sosai. Nan sai a haɗa da wasu dabaru.

Kafin ma a kai ga sayen sanda, akwai nauyin da ba na rufi ba ne, kuma cire shi kyauta ne.

Na farko iska ce. Rufi mai faɗin mita 2 da tsawon mita 3, in ya tashi santimita 70, ya ƙara wa ɗakin fili da ya haura mita kubik 4, kuma dole iskar da za ta cika wannan fili ta shigo ta wani wuri. In ƙofa da taga a rufe suke, mutum yana kokawa ne da tsotson iska. Bambancin matsi ɗan mitsitsi, faskal 20 kawai a ma'aunin matsin iska, a kan murabba'in mita 6 ya zama kilo 12. Shi ya sa wanda ya shige ya ja ƙofa saboda ƙura ko sanyi yake jin rufin kamar an danne shi daga sama. A buɗe ƙofa wangale kafin a taɓa shi. Wanda ke da fankar rufi mai juyawa gaba da baya yana iya mai da wannan abu riba: wajen ɗagawa ya rufe ƙofa ya sa ta hura ciki, wajen saukewa ya juya ta ta zuƙo waje, tamfol ya naɗe ciki da kansa maimakon ya leƙo waje baki ya datse shi.

Na biyu rairayi. Lita ɗaya ta busasshen rairayi ta kai kilo ɗaya da rabi. Shimfiɗar milimita 1 a kan wancan rufi lita 6 ce, wato kilo 9. Bayan guguwa, tsintsiya ta fi kowace sanda. Mai zuwa Jabalul Lauz lokacin da ƙanƙara ke sauka shi ma ya share kafin ya ɗaga ko ya sauke.

Na uku kayan da muke ɗorawa da kanmu. Faifan sola mai gilashi na wat 200 yakan haura kilo 10. Ƙara allunan fitar da mota daga rairayi, shebur, ƙarafan ɗaure kaya, wani ma har da jarkar ruwa mai lita 20, wadda ita kaɗai kilo 20 ce. Na'urar sanyaya ɗaki ta saman rufi kuwa takan wuce kilo 30, kuma mafi yawan rufin da ake ɗagawa da hannu ba a yi su don ita ba. Duk abin da zai iya komawa jikin bango ko cikin mota ya koma. Abin da ya zama dole ya zauna sama, wurin zamansa na da muhimmanci. A rufi mai hinji mai tsawon mita 2.4, faifan kilo 12 da aka ɗaura santimita 60 daga hinji kilo 3 kawai yake ƙara wa hannu, amma in aka kai shi mita 2 daga hinji ya zama kilo 10. A rufi mai tashi a miƙe kuma, gara a matsar da shi wajen ƙarshen da ya fi sauƙin turawa, wato baya. Faifan sola mai lanƙwasa ba shi da nauyi, gaskiya ne, amma in an liƙa shi a jikin rufi babu iskar da ke ratsa ƙasansa, kuma ranar Hijaz ba ta yi wa irinsa da sauƙi.

Sai gogayya. Mota in ta tsaya a karkace a gefen tudun rairayi, ɗakin yakan ɗan murɗe, hinji ya cije. A nemi wuri madaidaici, ko a cusa wani abu ƙarƙashin taya. Robar da ke zagaye bakin rufi takan manne bayan ta kwashe watannin zafi a matse, wannan shi ne ƙaran ɓallewar da ake ji a fitar farko ta shekara, kuma shafa mata man silikon yana magance shi. Kada a shafa mata giris ko man inji, suna kumbura irin wannan roba. Hinjin ma giris ba abokinsa ba ne a sahara, domin yana kama rairayi ya riƙa cin ƙarfen. A wanke, a busar, a fesa busasshen mai irin na tefulon. Garin girafait da ake sa wa kwaɗo kuma a nisanta shi da alminiyam, musamman a Jidda da Yanbu inda iska ke ɗauke da laima da gishiri, don haɗuwarsu na cin alminiyam ɗin.

Bayan an yi duk wannan ne ya kamata a auna. Sikelin da ake hawa a gida ya isa. A ajiye shi a kan daɓen ɗakin, a ɗora ƙaramin jak, a tsayar da katako a kansa, a sa faffaɗan allo tsakanin katakon da silin daidai inda ake turawa don kada ya loɓa. A ɗaga har rufin ya rabu da bango da yatsa biyu, a karanta, a cire nauyin jak da katako. A yi gaba, a yi baya. Wannan lamba ita za a tafi da ita shago. Ni dai zan so a zaɓi sandunan da a can sama ba za su kai ƙarfin riƙe rufin su kaɗai ba, a bar wa allon kullewa aikinsa, rufin kuma ya riƙa saukowa da nauyinsa.

A nan yanayin ƙasar ke shigowa, kuma shi ne dalilin da ya sa lambar da ta yi wa mutumin Amurka ko Jamus daidai ba lalle ta yi mana ba. Ƙarfin da aka buga a jikin sanda an auna shi ne a digiri 20 na zafi. Iskar da ke kulle a bututu tana ƙara matsi da kusan kashi 3.4 cikin 100 a duk ƙarin digiri 10. A digiri 50 ta ƙaru da kashi 10. Baƙin bututun da rana ta daka da azahar a Makka ya fi iskar gari zafi nesa ba kusa ba, in ya kai digiri 70 ƙarin kashi 17 ne. A daren hunturu na Tabuka ko Ɗuraif, inda sanyi ke kai sifiri, ta ragu da kashi 7. Abin ya zo a juye: sandar ta fi rauni a lokacin kashta da ake amfani da ita, ta fi ƙarfi a watannin da motar ke ajiye rufi a rufe tana tura maɗauri. Saboda haka a gwada rufewa da tsakar rana, ba da asuba ba. Akwai sanduna masu ɗan bawul da ake rage musu iska kaɗan-kaɗan har a dace. Suna da amfani, muddin an tuna cewa iskar da aka fitar ba ta komawa a gida.

A ɗaura sanda tsinkenta na kallon ƙasa, don man da ke ciki ya kwanta a kan robar toshiya ya hana ta bushewa, ya kuma rage bugun ƙarshe. A riƙa goge tsinken da tsumma, kada a kama shi da filaya, kada fenti ya taɓa shi, ƙarzane ɗaya ya isa ya yanka robar iska ta fara tsiyaya. Mazauna bakin teku su nemi ta ƙarfen da ba ya tsatsa a shagunan kayan jirgin ruwa. Ta tashlih, wato kasuwar kayan matattun motoci, da aka ciro daga but ɗin wata mota tana da arha, amma lambar jikinta labarin ƙuruciyarta ne, babu wanda ya san abin da ya rage. In ɗaya ta mutu a canja biyun tare, in ba haka ba rufin zai riƙa tashi a karkace. Wajen canjawa a tokare rufin da katako mai ƙwari, kada a dogara da kafaɗar ƙane. Tsohuwar kuma ba a yanka ta, ba a jefa ta a wutar hira: sanda mai 400N da tsinke mai kaurin milimita 8 tana ɗauke da matsin da ya kai wajen 80 a ma'aunin bar, alhali tayar mota ba ta wuce 2 zuwa 3.

Akwai haɗarin da sauƙin kansa ke jawowa. Rufi mai nauyi ko an manta sakata ɗaya yakan zauna. Rufin da aka sauƙaƙa, in iska ta samu bakinsa ana gudun kilomita 120 a hanyar Hijira, buɗewa zai yi. Mantuwar ɗaya ɓangaren ma tana nan: a bar sakata ɗaya a kulle a shiga turawa da ƙarfi, kusurwar rufin ta lanƙwashe. A ƙirga sakatun da hannu, a zagaya motar, wajen buɗewa da wajen rufewa. Duk gyaran da zai taɓa jikin motar kanta kuma, ba ɗakin kaɗai ba, a tambayi ƙa'idar murur ('yan sandan hanya) da ta fahas (binciken lafiyar mota) kafin a kunna injin walda.

Dattijo ko mai ciwon baya wanda kilo 15 ma ya yi masa yawa yana da hanyar da ta dace da matsalar takin farko fiye da kowace sanda, domin ita tsaye take turawa. Masu irin wannan ɗaki a Amurka sun daɗe suna amfani da ƙafar lasifika mai hannun murɗawa, irin wadda ake ɗora manyan lasifikoki a wurin biki. A tsayar da ita a daɓe, a sa allo mai laushi a kanta, a murɗa har rufin ya tashi allon ya kulle, a ɗauke ta a kai ɗaya ƙarshen. Ba ta buƙatar huda ko ɗaya, ba ta tura komai lokacin da rufi ke rufe, kuma zafi ba ya canja ta. Aibinta cin wuri, sai kuma ƙarfinta da ya fi na hannu: in an manta sakata ba za a ji ba sai rufi ya loɓa.

Sama da wannan sai inji. Ɗakunan kamfanin Alaskan na Amurka suna tashi da matsin mai tun shekarun 1950, wasu kamfanonin kuma suna sa sandunan lantarki masu aiki da batirin bolt 12 a kusurwa huɗu. Da masana'anta ta tsara su tun farko, lafiya lau. Wanda zai ƙara su daga baya ya san cewa injuna huɗu ba sa gudu ɗaya da kansu, wanda ya fi ɗaukar nauyi zai yi baya, kuma bambancin santimita kaɗan ya isa ya murɗe firam. Suna buƙatar akwatin da ke daidaita tafiyarsu, da fiyus, da kariya daga ƙura. Ya kuma tabbatar kowace sanda tana da fil ɗin da za a zare da hannu ko wurin murɗawa da sifana, ya gwada sauke rufin a haka a ƙofar gida batir a cire, domin motar da rufinta ya maƙale a sama ba ta hawa titi, kuma a cikin saharar Nafud babu mai gyaran wayar lantarki.